Ranar da Na Kashe Na'urar Bukkuyum

Aikin da na fara samu bayan na gama makaranta shi ne kula da kwamfutoci uku na wani shirin lafiya da ke bin yaran da gubar dalma ta shiga jininsu. Ɗaya tana Anka, ɗaya tana garinmu Gummi, ta ukun tana Bukkuyum. Ba irin ta kan tebur ba ce. Manyan na'urori ne masu nauyi da muke ce wa saba, kowacce a wani ɗan ɗaki bayan wurin ganin marasa lafiya, tana gurnani daga safe har yamma. A cikin kowace saba akwai wasu ƙananan kwamfutoci da ba su da jiki, manhaja ce zalla. Ɗaya tana riƙe da sunayen yara da ƙauyukansu, ɗaya sakamakon awon jininsu, ɗaya kuma tana tura komai zuwa babban ofis. A bakin aikinmu babbar ita ce mai masauki, ƙananan su ne baƙi. In mai masauki ya faɗi, baƙi duka sun bi shi.

Wanda ya kafa su ukun shi ne ogana. Mutumin Anka ne, ya haura hamsin, da can malamin lissafi ne a sakandare, sai da furfura ta fara fito masa ya koyi kwamfuta. Ƙanwarsa tana aure a ƙauyen Dareta, kuma a shekarar da yara suka yi ta mutuwa a can saboda niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, ta binne biyu cikin mako guda. Sau ɗaya ya taɓa faɗa mini wannan, muna cikin mota, bai ƙara ba.

Ba ya aiki da hotuna da dangwale-dangwale. Baƙin allo yake buɗewa, inda babu komai sai wani ɗan layi da ke ƙiftawa yana jiran umarni. Da yatsu biyu yake rubutu, amma ya fi ni sauri. Kuma kafin ya danna maɓallin shigarwa sai ya karanta abin da ya rubuta a fili, kalma bayan kalma, kamar mai biya wa ɗalibai. Farkon zuwana dariya abin yake ba ni. Ya lura, sai ya ce, "Ƙanena, wannan allon ba ya jin 'yi haƙuri'. Abin da ka ce masa shi zai yi."

A ƙarshen daminar shekarar da aka rufe layukan waya, babban ofis ya aiko cewa a sabunta tsarin da ke tafiyar da na'urorin uku. Wanda muke kai ya tsufa, masu shi sun daina gyara shi, sabuwar manhajar bayanan yara kuma ba ta hawa kansa. Sabuntawar ta haɗa da kanel, wato ainihin ɓangaren tsarin da ke magana da ƙarafunan na'ura, faifan ajiya da katuna da sauransu. In kanel bai gane faifai ba, na'ura ba za ta tashi ba ko da komai na cikinta lafiya lau yake.

Oga ya sauko da duk fayilolin da ake buƙata a kan wani faifai na hannu, muka fara da Anka ranar wata Juma'a, bayan an sallami mata sun tafi. Yana yi yana rubuta matakan a wani littafi mai shuɗin bango. A kwafe baƙi gefe. A kashe su ɗaya bayan ɗaya. A nuna wa na'ura inda sababbin fayiloli suke. A ba da umarnin sabuntawa, a karanta duk abin da ta ce za ta cire kafin a yarda. A bar tsohon kanel a wurinsa. A sake kunnawa. Da ta dawo ya rubuta uname -r, lambar sabon kanel ta fito, ya tada baƙi, duk suka tashi. Kafin a kira sallah mun gama. Muna wanke ƙafa a bakin famfo na tambaye shi ko sauran biyun ma haka za a yi.

Ya ce, "Gummi haka ce, tagwaye ne da wannan. Bukkuyum kuwa tana da nata hali. In mun je zan nuna maka."

Kwana kaɗan bayan nan muka wayi gari babu sabis. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. An ce don a toshe wa 'yan bindiga kunne ne. An rufe kasuwannin mako, an taƙaita sayar da mai. Mu kuma aikinmu ya koma na ƙafa. Bayanan da ke tafiya ta waya sai an zuba su a filash a ba direba. Nan wata matsala ta taso, domin Anka tana kan sabon tsari, sauran biyu suna kan tsoho, fayilolinsu ba sa karɓar juna yadda ya kamata. Oga ya aiko mini da takarda ta hannun wani direba cewa in jira shi ranar Juma'a a Gummi.

Na jira shi. Tun hantsi na buɗe ɗakin, na share, na kwafe baƙi kamar yadda littafin ya ce, na zauna a bakin ƙofa. Aka yi Juma'a aka sauko, bai zo ba. Na je tasha, babu motar da ta shigo daga Anka. Wayata tana aljihuna, ina ta laluba ta ina sakewa. Sai ranar Asabar da azahar wani direba da ya san mu ya neme ni a gida, ya tsaya a zaure bai zauna ba. Ya ce an buɗe wa motar su oga wuta a wata kwana, mutum uku suka rasu nan take, har da oga, wanda yake gaba kusa da direba. An riga an yi masa sutura tun jiya da yamma. Ya miƙo mini jakarsa. Faifan hannu yana ciki, da littafin, da carbinsa, da wata robar magungunan ciwon suga. Gefen jakar ya bushe ya yi tauri. Ban tambayi ko mene ne ba.

Babu wanda ya ce in ci gaba da aikin, babu wanda ya ce in bari, domin babu hanyar da za a ce. Juma'ar da ta biyo na yi na Gummi ni kaɗai. Na buɗe littafin a kan cinyata, na bi shi layi bayan layi, har na kama kaina ina karanta umarni a fili a ɗakin da babu kowa. Komai ya tafi daidai. Da lambar sabon kanel ta fito na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina, amma wani abu kuma ya hau kaina, wanda a lokacin na ɗauka ƙwarewa ce.

Saura Bukkuyum. Motar shirin ba ta samu mai ba sai ranar Alhamis, kuma direba ya ce da azahar zai juyo, ko da ni ko babu ni. Da safen ranar Inna ta same ni ina ɗaura takalmi.

"Mi kaka nema Bukkuyum da ba shi jira?" in ji ta. "Wanda yah hi ka sanin aikin ma ga shi an kai shi."

Na ce mata yau zan dawo. Ta sa na maimaita. Ta ce, "To tahi. Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka."

Hanyar ta yi shiru fiye da yadda na san ta. Shinkafa ta fara nuna a fadama, amma gonaki da yawa ciyawa ta cinye su, babu wanda ya isa ya je noma. Mun wuce ƙauyuka biyu da babu hayaƙi ko ɗaya. Direba bai kunna rediyo ba, ni ma ban ce ya kunna ba.

Shugabar ma'aikatan jinya a Bukkuyum wata dattijuwa ce da kowa ke ce wa Hajiya, doguwa, mai tabarau da igiya a wuya. Ta yi mini gaisuwar oga, muka yi addu'a. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta duba rumfar da mata ke zaune da 'ya'yansu, ta dube ni.

"Injiniya, yau Alhamis fa. Shi marigayi Juma'a yake taɓa ta. Ka kwana mana, gobe ka yi a natse."

Na ce na yi wa Inna alkawari, kuma na yi irin wannan sau biyu, rabin awa ne kawai. Sai ta ce za ta fara da waɗanda suka zo da katinsu, rabin awa ba komai.

Tun da na shiga ɗakin na ga wannan na'urar ba irin sauran ba ce. Ta fi su tsufa, jikinta ya yi ruwan ƙasa, an ɗora ta a kan bulo biyu saboda ruwa. Na kwafe baƙi a faifan hannu, na kashe su, na ba da umarnin sabuntawa. Sai ta jero abubuwan da za ta canza, a ƙasa ta rubuta cewa akwai guda ɗaya da aka riƙe, ba za ta taɓa shi ba. Kanel ne. Na duba littafin, babu maganar riƙewa. Na ce a raina wataƙila tun da daɗewa aka sa, aka manta. Umarnin cire riƙon gajere ne, na san shi. Na cire.

Na sake ba da umarni, ta fara, ta tsaya. Ta ce ɗan wurin da ake ajiye kanel a faifai ya cika, sabon ba zai shiga ba. Na duba agogo, minti ashirin sun tafi. Na leƙa wurin, babu abin da ya cika shi sai tsohon kanel da kayansa. Littafin yana buɗe a gabana, layin yana nan da rubutun oga: a bar tsohon kanel a wurinsa. Na gan shi. Na ce ai sau biyu sabon ya tashi lafiya, wannan kariya ce kawai ta mai yawan tsoro. Na rubuta umarnin gogewa. Na'urar ma ta gargaɗe ni, ta ce wannan shi ne kanel ɗin da take kai yanzu, ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce e. Ban karanta komai a fili ba.

Sabon ya shiga. Na sake kunna ta. Fankokinta suka yi ƙara, rubutu ya fara gudu a allo, sai ya tsaya cik. Ta yi minti guda tana jira, sannan ta rubuta cewa ba ta ga faifan da tsarin yake kai ba. Ta bar ni da wani ɗan layi mai ƙiftawa wanda ba ya iya komai.

Na kashe na kunna. Haka. Na buɗe jerin zaɓin farawa, inda a Anka da Gummi za ka ga sabo da tsoho, a nan guda ɗaya ne. Na buɗe murfin na'urar na taɓa wayoyin faifai, duk a ɗaure suke. Na ɗauki kwafin baƙin na gwada tada na awon jini a laftof ɗina, ta yi zafi ta daskare. Akwai wani filash na ceto da oga ya haɗa, wanda ake tada na'ura da shi in ta ƙi tashi. Na tuna inda yake. Yana cikin durowa a Gummi. Ba ya cikin jerin kayan da littafin ya ce a ɗauka, ni kuma ban yi tunani ba.

Awa ɗaya ta wuce, Hajiya ta leƙo.

"Injiniya?"

Na ce saura kaɗan. Ta duba allon, ta duba fuskata. Ba ta san kanel ba, amma ta san fuskar mutumin da abu ya ƙwace masa.

"Faɗa mini gaskiya don in san yadda zan yi da mutane."

Na ce yau ba za ta tashi ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta ce in biyo ta. A rumfar saura mata kamar shida waɗanda ba su da kati. Yawancinsu sabon zuwa ne, za a iya ɗiban jininsu a rubuta a takarda. Sai guda ɗaya da ke zaune a ƙarshen benci, ƙaramar mace, siririya, da yarinya 'yar kamar shekara uku a cinyarta. Yarinyar ba ta kuka, ba ta wasa. Idanunta a buɗe suke amma ba sa bin komai, kanta yana jingine da ƙirjin uwar.

Hajiya ta yi mini bayani a tsaye. Daga wani ƙauye suke bayan Gwashi. Yarinyar ta sha maganin cire dalma zagaye ɗaya, an sake ɗiban jininta mako biyu da suka wuce, an kai Anka, sakamakon ya dawo, mai awon jini ya shigar da shi a na'ura kafin ya tafi ganin iyalinsa. Katinsu ya ƙone lokacin da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu. Maganin kuma ba irin wanda ake ba da shi da ka ba ne. Sai an ga lamba, an ga nauyin yaro, an ga abin da ya sha a baya.

Matar ta ɗauka ni likita ne. Ta gyara zama ta ce, "Likita, tun da sahe munka hito. Sun ce in maido ta, ga ta na maido."

Na ce na'ura ce ta samu matsala.

"Gyara ta za a yi?"

Na ce za a gyara.

"To mu jira. Amma in la'asar tay yi hanya ba ta biyuwa. Kuma na baro ƙanenta gida wurin tsohuwa."

Na koma ɗakin. Na san babu abin da zan iya, amma na kasa zama a waje inda take ganina. Na yi ta rubuta umarni a wannan ɗan layin, ina neman faifan da sunaye daban-daban, yana ba ni amsa ɗaya. Direba ya zo ya ce lokaci ya yi. Na ce ya tafi, ya biya gidanmu ya faɗa wa Inna aiki ya riƙe ni. Hajiya ta tura a duba ko mai awon jini ya bar wani rubutu a ɗakinsa. An samu tsohon littafi, amma ya tsaya tun watan da ya gabata.

Bayan azahar sauran matan da suka zo tare suka fara ɗaura goyo. Ta tagar ɗakin na ga Hajiya ta durƙusa gaban matar tana ba ta wasu ƙwayoyi na ƙarin jini a leda, tana ce mata ta dawo Litinin, ko ta aiko wani da yarinyar, kuma kada a bar ta ta yi wasa a ƙasa inda ake niƙa dutse. Matar ta ɗaga yarinyar ta goya, kan yarinyar ya langaɓe gefe, ta sa hannu ta gyara shi.

"Litinin," in ji Hajiya.

"In an bar mu," in ji matar.

Na kwana a Bukkuyum a ɗakin maigadi. Washegari na samu wata motar buhuna mai zuwa Gummi, na hau baya. Da Inna ta gan ni, ta dai ajiye mini ruwa ta shige ɗaki. Na wuce ofis na ɗauki filash ɗin ceto, na kwafi tsohon kanel daga na'urar Gummi, inda na bar shi kamar yadda littafin ya ce. Aikin bai kai minti goma ba. Amma motar komawa ba ta samu ba sai Lahadi, domin an ce an ga mutanen daji sun tsallaka hanya da shanu, direbobi duk suka ajiye makulli.

Ranar Lahadi da hantsi na soka filash a na'urar Bukkuyum, ta tashi a kansa. Tsohon kanel ne a cikin filash ɗin, nan take ya ga faifai. Na shiga cikin tsarin ta nan, na cire sabon, na mayar da tsohon, na mayar da riƙon da na cire. Na sake kunnawa, ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samunta. Baƙi uku suka biyo baya.

Kafin in kira Hajiya na danna maɓallin da ke dawo da tsofaffin umarnin da aka taɓa rubutawa a na'urar. Nawa na ranar Alhamis suka fara fitowa. Na ci gaba da dannawa, sai na shiga na oga, na watanni da suka wuce, har da inda ya yi kuskuren harafi ya sake. A cikinsu na ga ya buɗe wani ɗan fayil a babban fayil ɗin mai kula da na'ura. Na buɗe shi. Layi uku ne da Hausa. Ya rubuta cewa katin lantarkin da ke riƙe da faifan wannan na'ura tsoho ne, sababbin kanel ba su san shi ba, kada a saki kanel sai an canza katin, kuma ya riga ya roƙi ofis su aiko da wani. Fayil ɗin yana wurin da duk wanda ya shiga na'urar zai gani in ya duba. Ranar Alhamis ban duba ba.

Hajiya ta zo ta zauna gaban kwamfutar tebur ɗinta, ta nemo yarinyar da sunan ƙauye da sunan uba. Ina tsaye a bayanta. Shafin ya buɗe, lambar tana cikin jan akwati, a ƙasa mai awon jini ya rubuta a fara zagaye na biyu ranar da ta zo, kada a jinkirta. Hajiya ta daɗe tana kallon allon. Daga nan ta tashi ta buɗe kabad, ta ware maganin yarinyar a ambulan, ta rubuta sunanta, ta ajiye a kan tebur.

Na zauna har Litinin. Mata suka zo daga wurare da dama, daga wajen Gwashi ba wanda ya zo. Hajiya ta ba wani mai sayar da busasshen kifi saƙo, wanda yake ratsa wajen a kan keke. Bayan mako guda ya dawo ya ce ƙauyen babu kowa, an sake shiga, mutane sun watse, wasu Anka, wasu Gummi, wasu sun tsallaka gulbi sun yi yamma. Ya ce bai ji an ambaci mace da yarinya cikin waɗanda aka kashe ba, amma kuma bai samu wanda zai tambaya da kyau ba.

A Gummi akwai masu gudun hijira a wata makarantar firamare da wasu kangaye a bakin gari. Na yi makonni ina zuwa bayan la'asar da sunan uban yarinyar a takarda. Matan sukan fito su saurare ni, su tambayi juna, su ce akwai wata mai kama da haka a wancan ajin. In je in tarar ba ita ba ce. Wata tsohuwa ta ce ta san dangin, ta ce tana jin sun yi wajen Kebbi. Wani ya ce a'a, Anka suka nufa. Na aika da sunan zuwa Anka, aka duba, ba a kawo ta ba.

Na rubuta wa babban ofis rahoto, na faɗi abin da na yi ba tare da na rage komai ba: na cire riƙo ban bincika ba, na goge tsohon kanel alhali an rubuta kada a goge, na yi aikin a ranar ganin marasa lafiya bayan an ba ni shawara in bari. Amsar ta zo bayan an buɗe layukan waya. Layi biyu ce. Sun gode da ƙoƙarina a cikin mawuyacin hali, kuma in riƙa kula nan gaba. Na so a ce sun kira ni sun zage ni. Na faɗa wa Hajiya haka, ta ce, "Zagin zai kawo ta ne?" Sannan ta ce abin da take so a wurina shi ne duk ranar Laraba in buga mata sakamakon kowane yaro a takarda, ta sa a kabad, ko na'ura na aiki ko ba ta yi. Tun daga lokacin haka ake yi a wuraren uku.

Sabon katin na'urar ya iso bayan an girbe shinkafa. Na je Bukkuyum tun ranar Alhamis, na kwana, ranar Juma'a bayan an sallami kowa na canza katin, na ƙara wa wurin kanel fili, na sa sabo kusa da tsoho. Ta tashi a karon farko. Ambulan ɗin yarinyar yana nan har lokacin, Hajiya ta mayar da shi cikin kabad saboda zafi. Da wa'adin maganin ya ƙare ta zubar da shi.

Sai a wannan watan hanya ta ɗan lafa har na samu zuwa Anka yi wa iyalin oga ta'aziyya. Ban taɓa shiga gidansa ba. Aka yi mini iso, na tarar da matarsa a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai, ta riga ta fita takaba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne. Ta ce ta san ni a baki, yana yawan ambatona. Muka yi masa addu'a. Aka kawo mini ruwa da fura, na sha kaɗan.

Da na tashi tafiya ta ce, "Malam, in tambaye ka. Aikin nan da ya fita yi ran nan, an samu an yi shi?"

Na ce mata an yi, duka ukun an gama.

"To alhamdu lillahi," in ji ta. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na sa takalmina na fita neman motar Gummi tun rana ba ta karkata ba.